WANKE MOTAR GONA DA GOGE TA A GIDA BA TARE DA KARCE FENTI BA

GABATARWA

Malam manomi, idan kana zaune a Sabon Gari, cikin ƙaramar hukumar Chanchaga a Minna, gonarka kuwa tana hanyar Paiko, ko Beji, ko Gwada da Kuta, ko fadamun shinkafa na hanyar Bida, to ka san abin hawanka shi ne igiyar da ta ɗaure gida da gona da kasuwa. A-kori-kura ce, ko babur, ko tarakta, ita ke kai taki da iri, ita kuma ke dawo da doya da masara da shinkafa. Kuɗin da ka zuba wajen sayenta sau da yawa ya zarce na noman shekara guda.

Abin da ya fi saurin kashe jikin motar gona shi ne tsatsa, kuma babu abin da ke tsakanin ƙarfe da tsatsa sai fenti. Abin takaici, yawancin karcen da ake gani a jikin mota ba a kan hanya ta same shi ba, a hannun mai wanke ta ta samu. Da muguwar rawa, in ji Hausawa, gara ƙin tashi. Wannan darasi zai nuna maka yadda za ka wanke mota, ka goge ta, ka kuma kare fentinta a ƙofar gidanka da kayan aiki masu sauƙin samu.

1. SANIN FENTI DA AIKINSA

Fentin yawancin motocin da aka ƙera daga shekarun 1980 zuwa yau, har da waɗanda ake kira 'yan Kwatano, hawa uku ne. Na ƙasa shi ne firaima, wanda ke kama ƙarfe ya hana shi tsatsa. Na tsakiya shi ne mai launi. Na sama kuwa ba shi da launi, garai-garai yake kamar gilashi, shi ne ke ba mota sheƙi, ya kuma tare zafin rana. Idan aka haɗa su duka, kaurinsu bai wuce kimanin kashi 1 cikin 10 na milimita ba, wato kamar kaurin takardar littafi guda. Hawan sama bai kai ko rabin wannan ba.

Tsofaffin motoci da yawa, irin a-kori-kurar Peugeot da aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna wadda ta fara aiki a 1975, da yawancin taraktoci, da motocin da aka sake wa fenti a gareji, launi da sheƙi a haɗe suke cikin hawa ɗaya. Don gane irin naka, ɗiga man goge mota kaɗan a farin tsumma, ka murza a wani lungu da ido ba ya kaiwa. Idan launin motar ya fito a tsumman, fentinka mai hawa ɗaya ne. Idan bai fito ba, akwai hawan sama.

Ko wane iri ne, abin lura guda ne: duk abin da aka kankare daga fenti ba ya komawa.

2. ABUBUWAN DA KE ƁATA FENTI A YANKIN MINNA

a) Ƙura da rairayi. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na sauko da hazo daga Hamada, wani ɓangarensa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Wannan ƙura, da ta hanyoyin jar ƙasa, cike suke da ɓarɓashin dutsen ƙanƙara. A ma'aunin taurin duwatsu da masani Friedrich Mohs ya tsara a 1812, ƙanƙara tana mataki na 7, gilashin taga na wajen 5 da rabi, farcen mutum kuwa 2 da rabi. Abin da ya fi gilashi tauri, ina ga fenti? Duk wanda ya goge busasshiyar ƙura da tsumma, samfefa ya goga wa motarsa.

b) Laka. Damina a Minna takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, ruwan kuma ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba. Lakar da ta maƙale a ƙarƙashin mota da cikin ramin taya tana riƙe danshi kwana da kwanaki, daga nan tsatsa ke farawa ba tare da ka gani ba.

c) Takin zamani. Wannan shi ne babban abokin gabar motar manomi. Yuriya takan fara tsotsar ruwa daga iska da zarar danshin iskar ya haura kashi 70 da 'yan kai cikin 100, abin da ke faruwa kusan kullum da damina. Sinadarin fotash da ke cikin kamfa kuwa dangin gishirin miya ne. Ƙwayoyin taki kaɗan da suka zube a bayan mota sukan narke su zama ruwan gishiri, su bi ta kowane karce su ci ƙarfe.

d) Kashin tsuntsu, ƙaron itace da ƙwari. Inuwar dalbejiya da mangwaro na da daɗi, amma abin da ke ɗigowa daga samansu yakan ƙone fenti idan rana ta gasa shi, har ya bar tabon da wanki ba ya fitarwa.

e) Man birki, ruwan batir da maganin feshi. Man birki yakan sa fenti ya kumbura ya saɓule cikin ɗan lokaci. Duk inda ɗaya daga cikinsu ya zuba, a kwarara masa ruwa mai yawa nan take.

3. KAYAN AIKIN DA AKE BUKATA

i. Bokiti uku: ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraye tsumma, ɗaya na tayoyi kaɗai.
ii. Ruwa mai tsabta, kimanin jarka 3 masu lita 20 ga a-kori-kura guda. Idan daga wajen 'yan garuwa ka saya, ko na kududdufi ne, ka bar shi ya kwanta, ka tsiyaye na sama, ka tace da ƙyalle.
iii. Sabulun ruwa na wankin mota. A bi ma'aunin da aka rubuta a jikin robar.
iv. Tawul masu laushi guda 4 ko 5, irin waɗanda ake kira maikurofaiba. In babu, tsohon tawul na auduga zalla, wanda aka wanke aka cire masa ɗinkin baki.
v. Buroshi na tayoyi da na ƙarƙashin mota.
vi. Kofi ko buta don kwarara ruwa, ko tiyo idan akwai famfo.
vii. Man goge mota, da kakin kare fenti.

A guji waɗannan: soson buhu, soson ƙarfe, busasshen soson yadiya, tsohuwar riga mai maɓalli ko zif, da toka ko kanwa. Garin sabulun wankin kaya, wanda aka fi sani da omo, an yi shi ne don cire maiƙo. Saboda haka yakan wanke kakin da ke kare fenti, ya busar da robobin ƙofa da na gilashi, ƙwayoyinsa da ba su narke ba kuma su yi karce. Mota takan yi fes ranar farko, amma bayan 'yan watanni sai ka ga launinta ya dusashe.

4. WURI DA LOKACIN WANKI

A wanke mota da sassafe ko bayan la'asar, a cikin inuwar gini ko rumfa. Ka ɗora bayan hannunka a bisa bonet. Idan ka ji zafi, dakata tukuna. A kan ƙarfe mai zafi sabulu yakan bushe kafin a ɗauraye shi, ruwan rijiyar burtsatse kuma ya bar farin tabo. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya fi tsanani a Minna, wannan ƙa'ida ta fi muhimmanci.

Idan ƙasar wurin rairayi ce, ka yayyafa mata ruwa don kada iska ta mayar da ƙura kan jiƙaƙƙiyar mota. A unguwa mai cunkoso irin Sabon Gari, ka tabbatar ruwan wankin ya bi kwata ya wuce, bai kwanta a ƙofar maƙwabci ya zama gidan sauro ba.

Kada a shiga da mota cikin rafi don wanki. Kogin Chanchaga da madatsar Tagwai su ke shayar da babban ɓangaren Minna, baƙin mai da ragowar taki da maganin feshi kuwa guba ne ga kifi da dabbobi da mutane. Motar da ta ɗauki magani a wanke ta aƙalla mita 30 daga kowace rijiya.

5. MATAKAN WANKI

Mataki na 1: Cire zobe, agogo da makullan aljihu. Ka juya kan bel ɗinka gefe. Rufe gilasai da ƙofofi.

Mataki na 2: Fara da tayoyi da ƙarƙashin mota, da bokitinsu da buroshinsu. A nan rairayi ya fi yawa, kuma duk abin da ya fantsama a jiki za ka wanke shi daga baya. Abin da ya taɓa taya kada ya taɓa fenti har abada.

Mataki na 3: Kwarara ruwa zalla daga rufi zuwa ƙasa, ba tare da sa hannu ba. Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci a dukan aikin, kada ka yi masa rowar ruwa. Jarka guda cikin ukun nan tasa ce. Inda laka ta bushe, jiƙa ta, ka ba ta minti 5 zuwa 10, ka sake kwarara ruwa har ta saki da kanta. Kada a ɓamɓare ta da kara, ko ƙarfe, ko farce.

Mataki na 4: Tsoma tawul cikin ruwan sabulu ya sha kumfa sosai. Ka wanke rufi, sai gilasai, sai bonet, sai rabin ƙofofi na sama. Rabin ƙasa, wanda ya fi datti, shi ne na ƙarshe, kuma da wani tawul dabam.

Mataki na 5: Ja tawul a miƙe, gaba da baya, ba a kewaye ba, kuma kada ka danna. Nauyin hannunka ya isa. Karcen da ya tafi a miƙe ta fuska ɗaya ake ganinsa, amma na kewaye duk inda ka tsaya rana za ta nuna shi kamar saƙar gizo.

Mataki na 6: Da ka gama kowane ɓangare, misali ƙofa ɗaya, ka girgiza tawul cikin bokitin ɗauraya, ka matse, sannan ka mayar da shi ruwan sabulu. Amfanin bokiti na biyu ke nan: rairayi ya zauna a gindinsa maimakon ya koma jikin mota. Kada tawul ya kai gindin bokitin, kuma da ruwan ya yi ja ka zubar ka sake.

Mataki na 7: Ɗauraye kowane ɓangare kafin kumfarsa ta bushe.

Mataki na 8: Tsane ruwa da busasshen tawul mai tsabta. Shimfiɗa shi, ka ɗan daddanna, ka ja a hankali. Buɗe ƙofofi ka goge bakinsu, ka duba ƙananan ramukan da ke ƙasan kowace ƙofa. Ta nan ruwan sama ke fita. Idan laka ta toshe su, ƙofa daga ciki take ruɓewa.

A KULA: Tawul ɗin da ya faɗi ƙasa ya gama aiki a wannan rana, sai an wanke shi.

6. TABON DA BA YA JIN SABULU

Kashin tsuntsu: jiƙa tsumma ka ɗora a kai na minti 5, sannan ka ɗauke shi sama, kada ka murza, domin akwai tsakuwa a cikinsa. A cire shi ranar da aka gan shi.

Kwalta da ƙaro: ɗiga kananzir kaɗan a tsumma, ka dafa a wurin har ya narke, ka wanke da sabulu nan take, ka sake shafa kaki. Kada a yi amfani da fetur ko tina.

Farin tabon ruwa: gauraya ruwan khal da ruwa daidai wa daida, ka shafa, ka ɗauraye bayan minti ɗaya.

Akwai al'adar shafa wa jikin mota ko taya gas ko baƙin mai don ƙyalli. Ƙyallin na yini ɗaya ne. Mai yana kama ƙura, yana kuma lalata roba.

7. BAYAN A-KORI-KURA MAI ƊAUKAR TAKI

Kafin lodi, shimfiɗa tamfal ko leda mai kauri wadda za ta haura har gefuna. A ɗaga buhu a ajiye, kada a ja shi. Fartanya, garma da adda a naɗe su da buhu.

Bayan sauke kaya, a share ƙwayoyin taki tun suna bushe, a tattara su a kai gona. Sannan a wanke da ruwa mai yawa a ranar, musamman lunguna, maɗaurin ƙofar baya, da ƙarƙashin katako ko robar da aka shimfiɗa. Ruwa kaɗan ya fi rashin wanki illa, don narkar da takin kawai zai yi ya tura shi cikin tsaguwa. A tsayar da motar a gangare, a bar ƙofar baya a buɗe har ta bushe. Haka za a yi bayan ɗaukar kashin kaji ko na shanu. Motar da ta ɗauki maganin feshi kuwa, kada a zuba mata hatsi ko doya sai an wanke ta da sabulu, mai wankin kuma ya sa safar hannu ta roba.

8. GOGE MOTA DA SHAFA KAKI

Mutane da yawa kan ɗauka abu ɗaya ne, alhali aikinsu ya bambanta. Man goge mota yana da ɗan gari mai laushi wanda ke cinye saman fenti kaɗan don ya daidaita ƙananan karce. Tun da ragewa yake yi, sau 1 ko 2 a shekara ya isa. Kaki kuwa ba ya cin komai. Riga ce da ake sa wa fenti don rana da ruwa da ƙura su ƙare a kanta. Shi ake shafawa duk bayan kimanin wata 3.

Yadda ake yi:

i. A tabbatar mota ta wanku, ta bushe, tana cikin inuwa. Ranar da hazo ya yi yawa a ɗage aikin.
ii. Gwada man a ɓoyayyen wuri tukuna.
iii. Ɗauki wuri kaɗan, kamar kamu biyu tsawo da faɗi. Ɗiga man a tsumma, ba a jikin mota ba, ka murza a miƙe da matsakaicin ƙarfi, ka goge da tawul mai tsabta.
iv. Sassauta hannu a gefuna da kusurwoyi, domin fenti ya fi siranta a nan.
v. Idan fentinka mai hawa ɗaya ne, ganin launi a tsumma ba abin tsoro ba ne, amma ka tsaya da zarar sheƙi ya dawo. Idan mai hawan sama ne kuma ka ga launi, to ka huda hawan; dakata nan take.
vi. Shafa kaki siriri ƙwarai. Yawansa ba ya ƙara kariya, wahalar gogewa kawai yake ƙarawa. Bar shi ya yi fari-fari, ka ja yatsa a kai. Idan wurin ya fita tas, to goge sauran.
vii. Kada kaki ya taɓa gilashin gaba ko baƙar roba.

Don sanin ko kaki na nan, watsa ruwa a bonet. Idan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarawa, yana nan. Idan ya baje ya kwanta, lokacin sabo ya yi. Motar da aka yi wa sabon fenti kada a shafa mata kaki sai bayan wata 1 zuwa 3, gwargwadon shawarar mai fentin.

9. IDAN KARCE YA RIGA YA FARU

Ja farcenka a kan karcen. Idan bai maƙale ba, man goge mota zai iya ɓatar da shi ko ya rage shi. Idan ya maƙale, karcen ya yi zurfi, ci gaba da murzawa ɓarna ce. Idan har ana ganin ƙarfe, kada a jira damina ta same shi a buɗe: a goge tsatsar da samfefa mai laushi a daidai wurin kaɗai, a share, a shafa jan fentin hana tsatsa, in ya bushe a bi da mai launi. Wurin da fenti ya yi ƙuraje ya kumbura, tsatsa ce ke ci daga ƙasa, sai a kai wa mai gyaran bodi.

10. TARAKTA DA BABUR

Ƙa'idar ɗaya ce, sai dai a ƙara da waɗannan:

a) A bar inji ya huce. A rufe bakin salansa, mashigar iska, da kayan lantarki da leda.
b) Idan da injin wanki mai ƙarfi ake aiki, a nisanta bakinsa da aƙalla santimita 30 zuwa 50, kada kuma a auna shi kan boris, ko robobin da ke tare mai, ko haƙarƙarin lagireto.
c) Lagireto a wanke shi da ruwa marar ƙarfi daga ɓangaren inji zuwa waje, don ƙaiƙayi ya fita ta inda ya shiga.
d) Bayan wanki a cusa giris a dukan wuraren da aka tanada, a shafa wa sarƙar babur mai, a tayar da inji na 'yan mintoci, a kuma gwada birki kafin a hau titi.
e) Faifan garma da na haro, inda babu fenti, a shafa musu giris kafin ajiya.

Akwai wata riba kuma. Tsiron wuta-wuta guda yakan zubar da iri dubun-dubata, ƙanana kamar ƙura, masu iya zama cikin ƙasa fiye da shekara 10. Lakar da ke jikin taya da garma na ɗauke da su daga gona zuwa gona. Don haka taraktar haya a kakkaɓe ta, a wanke ta a bakin gonar da ta gama, kafin ta shiga wata.

11. JADAWALIN KULAWA

Kowace rana: cire kashin tsuntsu, share bayan mota, wanke ta in ta ɗauki taki.
Kowane mako: cikakken wanki. Da hunturu, idan ba ka da ruwan wanki, ka bar ƙurar inda take, ka wanke gilasai da fitilu kawai da ruwa.
Kowane wata: wanke ƙarƙashin mota, duba ramukan ƙofa, neman sabon karce.
Duk wata 3: shafa kaki. A tabbatar an yi ɗaya a Maris ko Afrilu kafin faɗuwar damina, ɗaya kuma a Oktoba ko Nuwamba kafin shigowar hunturu.

Kada a lulluɓe mota mai ƙura da tamfal. Iska za ta riƙa kaɗa shi yana gurzar fentin dare da rana.

KAMMALAWA

Ga malamin gona: wannan darasi ya fi shiga idan an nuna shi a aikace. Ka tara ƙungiyar manoma, tare da yaran da aka saba sa wa wankin mota, ka wanke ƙofa ɗaya da bokiti biyu. Sannan ka tsiyaye ruwan bokitin ɗauraya, kowa ya sa yatsa ya ji rairayin da ya kwanta a gindinsa. Wanda ya taɓa shi da hannunsa ba zai ƙara goge busasshiyar mota ba.

Ga manomi: ka riƙe abu huɗu. Ruwa kafin hannu. Daga sama zuwa ƙasa. Tawul mai tsabta a kowane ɓangare. Taki kada ya kwana a mota. Wanda ya kiyaye su, motarsa za ta daɗe tana yi masa aiki, ranar sayarwa kuma ta yi daraja. Don ƙarin bayani, a tuntuɓi malamin gona mafi kusa.